Jinin Zabi a Hanyar Dogon Dawa

Yayana masanin kimiyya ne, kuma ban taɓa ganin wanda karatu ya cire wa tsoro kamarsa ba. Aikinsa a jami'a binciken wani zare ne da ke cikin ƙwayar halittar duk mai rai, wanda ke ɗauke da gadon kamanni. Ya ce zaren dogo ne, amma a naɗe yake kamar zare a jikin mazari, shi kuwa yadda aka yi naɗin yake bi. Ana buga rubuce-rubucensa a ƙasashen waje, ana gayyatarsa taro. A gidanmu na Birnin Gwari kuwa, Inna "likitan da ba ya ba da magani" take ce masa.

Daminar da na gama sakandare, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, ya zo da ƙaton filas cike da ƙanƙara. Jinin zabi yake so, wai jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu na da wannan zaren, na mutum kuwa babu. Ya ce in raka shi wani ƙauye bayan Dogon Dawa. Na bi shi a motarsa don zaman gida ya ishe ni.

Muka sayi zabi. Da ya yanka, maimakon ya bar jinin ya zuba, sai ya tara shi a 'yan kwalabe, ya jera su cikin filas ɗin. Matar da ta sayar mana ta ja zaninta ta shige ɗaki.

Na ce, "Yaya, jinin yanka ƙasa ke sha. Ba mai tara shi sai mai wani nufi."

"Ke da kika yi sakandare?"

"Sakandaren ba ta toshe min ido ba."

A hanyar dawowa, tsakiyar daji, motar ta kafe a taɓo. Wasu manoma suka fito daga gona, fartanyu a kafaɗa, suka ce za su tura. Ɗayansu ya hango filas a cinyata ya roƙi ruwa. Kafin in buɗe baki ya karɓa ya murɗe murfin. Ya leƙa. Ya miƙa wa na kusa da shi.

Wani dattijo mai tabo a goshi ya ce, "Alhaji, jinin wa?"

Ashe makon da ya wuce wata yarinya ta ɓata a ƙauyensu, ba a gan ta ba. Mahaifinta na cikinsu. Shi ne wanda ya sauke fartanyarsa ya riƙe da hannu biyu.

Yaya ya gyara tabarau ya fara karantarwa. Ƙwayar halitta, zare, naɗi. Duk kalmar da ya faɗa suna ƙara matsowa. Wani ya zagaya bayansa. Na duba gaba da baya ba kowa sai itatuwa.

Na ce, "Yaya, don Allah yi shiru!"

Na diro cikin taɓon, na buɗe bayan mota, na jawo zabin ta ƙafa na watsar a gabansu.

"Baba, ga masu jinin. Ku duba wuyansu."

Dattijon ya juya ɗaya da sandarsa. "Mun ga zabi, 'yata. To wa aka yanka wa?"

Nan na gane ba wata amsa da za ta fishe mu. Na fizge filas ɗin, na ciro kwalaben, na riƙa buɗewa ina tsiyayewa a ƙasa. Jini ya fantsama ya ɓata min riga. Yaya ya yi ihu, "Ke! Aikina ne!" Ban ko kalle shi ba. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe.

Mahaifin yarinyar ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya jingine fartanyar, ya dafa bayan motar. Sauran suka bi.

Motar ta fita daga taɓon, muka koma gari. Daga baya da kajin jami'a ya ƙarasa binciken, aka buga, aka yaba. Ya aiko min da kwafi, ban fahimci komai ba. Rigar kuwa na wanke na sake wankewa, tabon ya ƙi fita, Inna ta ƙona ta.