Buhunan Gawayin da Ban Ƙona Ba

Tsire nake gasawa a unguwar Zongo, a birnin Lome. Wata rana wata ma'aikaciya ta zo da takarda da sikeli, ta ce ana lissafin hayaƙin da Togo ke turawa sama, mai ƙara wa duniya zafi, za a kai rahoto. Ta tambaye ni buhun gawayi nawa nake ƙonawa a wata.

Huɗu ne. Amma maƙwabcina mai gasa kaji ya kasa kunne, sai na ce tara, kada ya raina kasuwata.

"Tara, Baba? To, zan auna buhun nan yau, jibi in dawo in sake aunawa."

Maƙwabcin ya ce, "Madam, rubuta goma. Shi ne ya dafa Lome."

Na wuni ina tunanin ƙara wuta a banza. Matata ta ce, "Malam, gawayinmu za ka ƙona don ka gaskata ƙarya?"

Da ma'aikaciyar ta dawo, na karɓi biro na soke tara, na rubuta huɗu da hannuna, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Ya fito a karkace, amma ta karanta da ƙarfi, har mai kaji ya bar wutarsa ya zo leƙe.