Dawakin Katako na Sabon Gari

Ƙarar kwanon sha ce ta fara komai. Ina tankaɗe da hantsi na ji ƙwal, na ɗaga kai, sai na ga 'yata ta fari ta yi tuntuɓe da kwano a tsakar gida, ga haske ko'ina. Shekararta bakwai. Ana ce mata Jummai, ni kuwa "ke" nake ce mata, don a gidanmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta ma duban fuskarta in da mutane. Bara ƙyanda ta tafi da idonta na hagu. Likita ya haska na dama, ya gaya wa Malam, maigidana, cewa shi ma ya kama hanya, ko kwanaki ko makonni.

Abu ɗaya ta roƙa. Titi, 'yar maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da atamfa, ta dawo daga Zariya da labarin filin wasan yara da wasu Kwarori, Larabawa 'yan kasuwa, suka kafa a Sabon Gari, mai dawakin katako da inji ke zagayawa da su. Malam ya ce tunda ana hutun makaranta, mu kai ta ta gani.

Talata, Malumfashi zuwa Funtuwa

Mun fito ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, mu huɗu har da ƙaninta Sani. Motar auduga muka samu. Direba ya ce, "Malam, ku shiga gaba, amma in ta mutu a hawa, har uwargida za ta tura." A Bakori 'yan doka suka tsayar da mu minti ashirin suna zagaya kaya. Jummai na manne da taga tana cewa, "Yaya, ga jaki da mangala! Ga mata da ƙwarya!" Yaya take ce mini. Mil talatin, mun iso takwas saura kwata, jirgin ƙasa na Zariya kuwa sai sha ɗaya.

Funtuwa

Ba a ratsa Funtuwa ba a gaida Baffa Alhaji ba, wan mahaifin Malam. Da ya ji zancen jirgi sai ya ajiye carbi.

"Ka zo garina da iyali ka sha ruwa a tsaye kamar ɗan aike? Baƙona kwana uku yake. An ma kama zakara."

Malam ya sunkuyar da kai. Shi ma 'yar farinsa ce, bakinsa ya yi nauyi. A cikin gida na durƙusa gaban Hajiya, matar Baffa, na ce, "Hajiya, yarinyar nan ce, idon nata..."

"Au! 'Yar makaranta, a gabana za ki yi rawar kai a kan 'yar fari? Mu da muka haifi goma ba mu san ciwon ido ba? A sa mata tozali."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Na yi karatu, na san abin da likita ya faɗa, amma na yi shiru.

An yi mana karamci, ba zan ɓoye ba: tuwon shinkafa da miyar zakara, fura mai sanyi kullum da rana. Hajiya ta ɗauke Jummai zuwa ɗakinta, ƙeyarta kawai nake hangowa. Ran Laraba aka kai yara kallon injin gurzar auduga. Ran Alhamis za a je gindin dutse, Jummai ta ce kanta na ciwo, ta zauna a tabarma yini guda. Na wuce ta gabanta ya fi sau goma, idona a ƙasa. A kowace sujada roƙona ɗaya, Allah ya bar mata hasken nan zuwa Zariya.

Juma'a da Asabar, Zariya

Jirgi ya tashi sha ɗaya da minti ashirin, muka sauka biyu da rabi. Abokin karatun Malam ya sauke mu a Tudun Wada, ɗaki da tabarmi biyu. Washegari bayan la'asar muka tafi filin. Kuɗin hawa toro ne kowane yaro. Ga kiɗa na tashi daga garmaho, ga dawakai goma sha biyu, ja da kore da fari, da linzami na fenti.

Mai injin ya ce, "'Yan mata, wanne kike so?"

Ta ce, "Wanda ke kusa da na Sani."

Malam ya ɗora ta. Sau uku ta hau, tana ƙyalƙyala dariya, tana ɗaga hannu. Wajen mai sayar da gyaɗa take ɗagawa, ba wajenmu ba, na ce a raina murna ce ta ruɗe ta. Na ja mayafi na rufe fuska, ina hamdala mun iso a kan lokaci.

Lahadi, gida

Mun dawo ta jirgin safe, daga tasha muka shiga mota, biyar na yamma muna ƙofar gida. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa masu masaukinmu da alheri.

Ran Litinin Malam ya fita, Sani ya bi yara, gida ya rage daga ni sai ita. Na zaunar da ita ina wanke mata fuska, na dube ta sosai. Ƙwayar idon ta yi fari fat. Na ce, "Ke, cikin dawakan nan wanne ya fi kyau?"

Ta laluba ta kama hannuna.

"Yaya, ban gan su ba. Tun ran Alhamis a gidan Hajiya na daina gani. Na ƙi faɗa ne don kada a ce mu koma gida."