Sha-Shida da Muryar Inna

A layin masu gyaran waya ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Sha-Shida ake ce masa, domin duk memorin da aka kawo, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina sha shidan?"

Ga abin da yake nufi. Memorin tsofaffin na'urori shafi-shafi yake, kowane shafi yana da gurbi ɗari biyar da sha biyu na ajiya, da wasu sha shida a gefe. A cikin sha shidan nan ake ajiye lambobin da na'ura ke duba kuskure da su ta gyara. Kowane kamfani da inda yake jera nasa. Manhajar da ke karanta memorin, wadda masu sana'ar ke ce wa direba, dole ta san jerin.

Shekara goma sha tara ya yi yana rubuta direba a wani kamfanin rikoda, kafin a rage ma'aikata. Ya dawo shago mai tebur ɗaya, da madubin ƙara girma, da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da biro. Dokarsa ɗaya ce, ya ma rubuta ta a bango: a kwafe kafin a taɓa.

Wata Talata da hantsi autarsu ta shigo da ƙaramar rikoda a cikin jaka. Mahaifiyarsu ta yi wata bakwai ba ta magana tun da ɓarin jikinta ya shanye. Kafin ciwon, autar ta zaunar da ita ta ba da labarin gidansu, kusan awa uku. Yanzu rikodar ta ƙi kunnuwa, kuma muryar Inna ba ta ko'ina sai a ciki.

"Yaya, ka ga aikin kamfaninku," in ji ta. "Tun ba a je ko'ina ba ta mutu."

"Ke dai ba ki iya riƙon kaya ba, Auta. Tun kina rarrafe."

Ya juya rikodar, ya gane ta. Shi ya rubuta direban irinta. Ya ciro memorin, ya ɗora a kan na'urar karatu. Kwafewa za ta ci minti arba'in, ita kuma tana sauri ta koma ta juya Inna a gado. Sai ya buɗe memorin kai tsaye da tsohon direbansa.

Abin da bai sani ba, bayan tafiyarsa kamfanin ya mayar da lambobin gyaran daga farkon sha shidan zuwa ƙarshensu. Direban ya duba inda ya saba, ya ga lambobi ba su dace ba, ya ɗauki lafiyayyun shafuka a matsayin shara. Ya yi abin da mai shi ya koya masa, ya shiga sharewa. Kafin Sha-Shida ya fizge wayar na'urar, an wuce minti biyu.

Autar ta dubi fuskarsa, ta dubi bango.

"Yaya, ka kwafe?"

Ya ajiye wayar a kan tebur. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana tara yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsira daƙiƙa goma sha ɗaya ne: ƙarar jan kujera, gyaran murya, sai Inna tana cewa, "Ta fara ɗauka? To matso da ita, kar yayanki ya ce ban iya ba."

Ya kai musu gida. Autar ta saurara sau ɗaya, ta shiga kicin ta rufo ƙofa. Inna ta ɗaga hannun da ke motsi, alamar a sake kunnawa. Ya sake. Ta kuma ɗagawa.

Har yanzu yana buɗe shago ƙarfe takwas, dokar tana nan a bango. Auta takan gaishe shi idan sun haɗu a bakin gadon Inna, amma ta daina tsokanarsa.