Jan Gashin Ɗan Kurmi

Ranar wata Litinin da hantsi, cikin watan azumin shekarar 1984, wani mutum ya jingine kekensa a jikin darbejiyar ƙofar gidanmu ya yi sallama da Baba. Ina tsugune a zaure ina kankare kashin aku daga keji da sakaina, sai na ji baƙon ya ce, "Malam Idi, na zo kan maganar tsuntsun nan da muka yi jiya a kasuwar Ɗambatta." Sakainar ta suɓuce daga hannuna. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, amma ba sai an yi mini fassara ba. A bayan kekensa akwai rabin buhu ɗaure da roba, kuma ko daga inda nake na san gero ne, domin a shekarar nan hancinmu ya koyi jiyo hatsi ko ta bayan katanga.

Akun na kakanmu ne, Malam Babba, wanda ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa. Daga Kudu ya zo da shi tun ba a haife ni ba, shi ya sa ake ce masa Ɗan Kurmi. Jikinsa ruwan toka, jelarsa ja wur. Malam ya rasu ina aji biyu, amma ya bar muryarsa a bakin tsuntsun nan. Kullum da sassafe sai aku ya yi gyaran murya irin ta Malam, har da ɗan tarin da ke biyo baya, ya ce, "Tabawa, a kawo buta." Kakarmu, wadda muke kira Iya, sai ta amsa daga ɗaki, "To Malam, ga ni nan," sannan ta yi wa kanta dariya ta goge ido da gefen mayafi. Ni kuwa da ya hango ni sai ya ce, "Ke ƙazamar amarya, kin wanke ido?" kamar yadda Malam ke tsokanata. Ina jin haushin wannan magana a gaban ƙawayena, amma in ya wuni bai faɗa ba sai na rasa abin da ke mini daɗi.

Ni ce mai kula da shi, don ni kaɗai yake yarda ta sa hannu cikin kejinsa. Yayana ya taɓa gwadawa, har yau yana ba da labarin cizon. Kafin in tafi makaranta nakan wanke gwangwanin ruwansa, in zuba masa gyaɗa da ɗan barkono ja, wanda yake ci kamar alewa, in rataye kejin a ƙarƙashin rumfa inda kyanwa ba ta kaiwa, shaho kuma ba ya gani. Da bazara nakan guntsi ruwa in fesa masa, ya buɗe fukafukai yana ta surutu. Da magariba in lulluɓe shi da tsohon zanen Iya. A makaranta 'yan ajinmu ba sa kirana Rakiya, sai Uwar Aku, kuma ko a tsakiyar 'yar gala-gala muke, da na tuna ban cika masa ruwa ba sai in bar wasan in ruga gida.

Sai ga shekarar wahala. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Muka koma garin rogo da kwaɗon tafasa, wani lokaci dusa ce ake tankaɗewa a dama. An sayar da awakin Inna ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗar aku ta yanke, na koma tsinto masa magarya da aduwa a hanyar makaranta, in na samu ƙuli-ƙuli in ɓoye rabi a ƙullin zanena. Ranar da Inna ta kama ni, ta dubi ƙanena Sani da haƙarƙarinsa a waje, ta ce, "Ɗan mutum bai ƙoshi ba, ke kina kiwon tsuntsu." Amma ban daina ba. Abu guda da Baba ya hana kowa taɓawa shi ne irin gero da ya liƙe cikin tulu da laka. Da ruwan farko ya sauka aka fasa tulun, muka shuka shi kaf. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kusan sati uku, shukar ta ƙone ƙurmus. Yanzu hadari ya dawo yana haɗuwa kowace yamma, ga gona a share, babu ko ƙwayar iri a gidan.

Wannan ne ya kawo mai keke. Mai sayar da magunguna ne, yana kai kaya Kudu, inda ya ce jan gashin aku yana da daraja wajen masu ado da masu magani. Ya ce zai ba da rabin buhun nan ya tafi da tsuntsun. Rabin buhu a lokacin ya isa iri, ya kuma rage na kunun Sani har a kai ga yabanya. Baba ya shiga cikin gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, na bi shi rungume da keji. Iya ta daɗe tana jan carbi ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Kai ne mai gida. Ba zan ce a bar yara da yunwa saboda ni ba." Ni kam ba ni da kunyar da take da ita. Na fita zaure da gudu, na tsaya gaban baƙon, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce, "In gashin kake so, me za ka bayar a kan gashin kaɗai?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce kwano uku, ba ƙari. Kwano uku iri ne kawai, ba na ci. Na ga Baba, wanda ya biyo ni, ya dubi buhun, ya waiga wajen ɗakin mahaifiyarsa, ya haɗiye yawu duk da azumin da ke bakinsa. Har yau ban san daga ina ya samo ƙarfin cewa, "A auna ukun."

Saura figa, kuma kowa ya san ba mai iya riƙe shi sai ni. Na buɗe kejin, ya tako kan hannuna kamar kullum, ya sunkuyar da kai don in sosa masa ƙeya. Na sosa. Sannan na naɗe shi cikin zanen da nake lulluɓe shi da shi, na matse shi a cinyata, na kama gashin farko na fizge. Ƙarar da ya yi ba ta Malam ba ce, ba kuma ta wani mutum ba, ƙarar tsuntsun daji ce da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A na huɗu ya fito da kai ya kama babban yatsana, ya datsa har ƙashi. Ban saki ba, don na san in na tsaya a rabi mutumin zai ce ciniki ya tashi. Ina kuka, jini na bin hannuna, baƙon yana tsaye yana cewa a yi a hankali kada a karya masa gashi. Na tsani mutumin nan a ranar, na tsani kaina fiye da shi. Da na gama na mayar da Ɗan Kurmi keji, ya maƙale a lungu ya juya mini baya.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Muka fita gona gaba ɗayanmu, Baba na sara da sungumi, mu muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige, yatsana naɗe da tsumma. Wannan karon shuka ta kama. Mun sha wuya kafin kaka, Sani ya kwanta rashin lafiya har muka fid da rai, Allah ya tashe shi. Duk cikin kwanakin nan Inna ba ta ce mini komai ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amma tun daga safiyar da ta biyo bayan figar, aku bai sake magana ba. Yana cin abinci, yana shan ruwa, sai dai in na kai hannu ya ja da baya. Iya takan fito da sassafe ta zauna kan turmi kusa da kejin, buta a gabanta cike da ruwa, tana jira. Ni ma nakan tsuguna in yi ta maimaita masa, "A kawo buta, a kawo buta," ya dube ni da ido guda ya kau da kai. Na ce wa kaina in gashin ya fito zai huce. Kafin sanyi jela ta dawo ja wur kamar da. Daga baya ma ya koma kwaikwayon kukan zabi da ƙarar ƙyaure, amma muryar Malam ba ta dawo ba. Wata safiya Iya ta ɗauki butarta ta zubar da ruwan a gindin zogale, ta ce, "Yau kam Malam ya tafi." Ba ta sake zama kan turmin ba.

Yanzu gidan ya zama na bulo, inda rumfar take an yi ɗakin ajiye taki. 'Ya'yana suna turo mini muryarsu ta waya daga Kano, in saurara sau goma in na ga dama, ba a figi kowa ba. Geron da Sani ke shukawa a gonar har gobe jikan kwano ukun nan ne, duk kaka kuma yana aiko mini da rabona. In na zauna surfa shi, idona yakan faɗa kan tabon da ke babban yatsana, in yi ƙoƙarin tuno yadda tarin Malam yake, sai in ga ya ɓace mini. Mun tsira da iri, mun tsira da tsuntsu, muryar ce ba mu san ita muke sayarwa ba.