Hudar da Ta Rage a Bel ɗin Direba

Duk lokacin da bel ya matse shi, Direba yakan sa ƙusa a wuta, ya ƙara huda ɗaya can wajen baki. Ba ya sayen sabo. A tasha sukan tsokane shi, "Direba, sitiyari ne ya matso ko kai ne?" Shi ma dariya yake yi.

Da ciwon suga ya kama shi, ya bar shayi mai zaƙi, ya bar lemon kwalba. Autarsa ta sayo na'urar gwaji, kullum da safe sai ta gwada jininsa kafin ya karya. Kullum kuma suga yana sama.

"Baba, me ka ci bayan mun kwanta?"

"Ruwa."

"Ruwan zuma ko?" in ji matarsa. "Tsofai-tsofai da kai!"

Ya rantse, ba su yarda ba. Aka sa wa kicin kwaɗo. In ya dawo aiki, sai an laluba aljihunsa kafin a wanke rigar. Mutumin da jama'a ke ba amanar ransu a kan hanya, ga inda ya koma a gidansa. Daga baya ya daina rantsuwar, ya daina zama a falo.

Sai da ya faɗi a tasha aka yi masa hoton ciki. Likita ta ce kitse ya cika hantarsa. Hanta ce ke sakin suga cikin jini in mutum bai ci abinci ba, sinadarin insulin ne ke ce mata ya isa haka. Hanta mai kitse ba ta jin wannan magana. Ko da yunwa aka kwana, zubawa take yi.

"Wato ba ci yake yi ba?" Auta ta tambaya.

"Ba sai ya ci ba."

Kwaɗon dai ya ɓace daga ƙofar kicin. Bayan wannan ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai nema ba.

Ya kama yawo a ƙafa, ya rage ci, har bel ya soma yi masa yawa. Ya sa alama da biro ta ciki, inda sabuwar huda za ta zauna, ya ajiye ƙusa a bakin taga. Auta ta ce ranar hudar take jira ta ba shi haƙuri, in yana cikin raha. Zuciyarsa ba ta jira ba, ta tsaya kafin ranar.

Bel ɗin yana nan bayan ƙofa. Alamar ba ta goge ba.