Ruwan Laraba

Aikina a kwalejin shi ne kula da filin ƙwallo. Ni ba koci ba ne, ban taɓa buga ƙwallo da takalmi ba, karatuna kuma a aji huɗu na firamare ya tsaya. Ni ne mai ba ciyawa ruwa, mai yanke ta, mai zana layi. Fenti bai taɓa zuwa hannuna ba. Tokar ɓuntu nake ɗebowa a injinan shinkafa na Kura, in tankaɗe ta, in zuba a gwangwani mai huji, in bi igiya. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina wannan.

A yankinmu ruwan rani kowane ɗigo da mai shi. Kanal ɗaya ce, wato magudanar ban-ruwa, ta bi ta bayan kwalejin, manoma suna da ƙungiya, kowane layin gonaki da ranarsa. Filin ƙwallo ba gona ba ne, ba shi da rana a takarda. Amma tun kafin a ɗauke ni aiki iyayen manoman suka yarda cewa kowace Laraba, daga fitowar rana zuwa hantsi, a buɗe wa filin. Daga rabon mutanen ƙarshen kanal ake yankar ruwan nan, su da tun asali sai kowa ya ƙoshi yake isa gare su. Ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwan da shi, a ɗakina yake kwana.

Ba don Allah-Annabi kawai suka bayar ba. Akwai wata kwaleji ta ɓangaren Bunkure, rukuninmu ɗaya da ita a gasar kwalejoji, kuma sau biyu a shekara muke haɗuwa, sau ɗaya a filinsu, sau ɗaya a namu. Ranar da za su zo, tun azahar ake barin gona. Babura da a-daidaita-sahu su cika bakin hanya. Masu rake da masu ƙosai su kafa. Manoma su jeru a kan gaɓar kanal da laka a ƙafa, nan ne wurin zamansu, ba mai tambayar su tikiti. Rabin 'yan wasan 'ya'yansu ne, ta nan da ta can. In mun ci, sai a yi wata guda mutanen Bunkure ba su sake a kasuwa ba. In sun ci, mu ma haka.

Wata rana kocinmu ya same ni ina wasa adda. Saurayi ne mai ladabi, yana dariya har kunne.

"Baba, mun shiga talabijin."

Na ce masa ya faɗa min da Hausa. Ya zauna ya yi min bayani. Wani kamfanin talabijin ne ya zuba kuɗi a gasar, amma da sharaɗi. Ba ya son ƙananan rukunoni na karkara. Yana son kwalejoji masu ɗalibai da yawa, waɗanda za a zauna a kalla. Sai aka rushe tsohon tsari, aka ɗauki tamu aka haɗa ta da na birni da na wasu jihohi. Wasan da ake kira namu na gida ma a babban filin birni za a riƙa yi, domin kyamara tana son katanga da wuta da kujeru.

"Su na Bunkure fa?"

"Ba a ɗauke su ba."

"To wasanmu da su?"

Ya kalli ƙasa. "Babu shi a jadawali, Baba."

Ba zan yi wa kuɗin nan ƙarya ba. Ya sayi mota, ya sayi takalma. A da in yaro ya karye, wajen mai ɗori muke kai shi a babur, yanzu asibiti ake kai shi. Na ga 'ya'yan manoma da ba su taɓa wuce Zariya ba sun je garuruwan da ni ban san sunansu ba. Wannan na gani da idona, ba zan ce ban gani ba.

Shugaban kwalejin ya kira ni ya ce in ci gaba da riƙe filin da kyau. Yara za su riƙa atisaye a kai, kuma mutanen kamfanin sun ce wata rana za su zo su ɗauki hotonsa. Shekarar farko ba manomin da ya ce komai. Ina buɗe ruwa kowace Laraba, ina zana layi, gaɓar kanal ba kowa sai balbela.

Shekara ta biyu ruwa ya yi ƙasa. Da bazara ta kama, mutanen ƙarshen kanal suka fara kwana biyu uku ba su ga ɗigo ba.

A cikinsu akwai wani abokina, mutumin Filato, Kirista, ya daɗe yana hayar gona a can yana albasa. A da duk ranar wasa shi ne mai babbar murya a gaɓa, kuma na Bunkure yake goya wa baya don kawai ya ba ni haushi. Wata Laraba na buɗe ruwa, yaran ma sun yi tafiya wasa wata jiha, sai ga shi ya tsaya a bayana yana kallon ruwan yana shiga ciyawa.

"Sarkin ciyawa, wa zai ci wannan?"

"Ka san ba ci ake ba."

"Na sani. A da kallo ake. Yanzu me ake?"

Ya ciro albasa ɗaya daga aljihu ya miƙo min. Ganyen ya yi rawaya daga sama, kan kuwa bai kai ƙwan zabo ba.

"Ban zo faɗa ba," in ji shi. "Mu muka bayar, ba wanda ya ƙwace. Amma mun bayar ne don mu tsaya a can mu ga an lallasa muku yara. Yanzu in ina son ganin an lallasa su sai na je gidan kallo. Ga shi kuma ruwana yana nan yana yi wa balbela shimfiɗa."

Na juya albasar a hannuna, na mayar masa.

Na je wajen shugaban kwalejin na faɗa masa. Mutum ne mai sauraro, amma takardun kamfanin sun cika masa tebur.

"Malam, in suka zo suka ga fako, me zan ce musu?"

"Ranka ya daɗe, shekara biyu ke nan ba su zo ba."

"Za su zo. Ka riƙe ciyawar nan. In ta mutu, ni ban ga aikin da ya rage maka a filin ba."

Daga nan na wuce wajen shugaban ƙungiyar manoma, wani Alhaji dattijo. Na so ne ya yanke hukunci, in huta. Ya ƙi.

"Iyayenmu suka ba da ruwan nan. Ni ba zan zama wanda ya karɓe kyautar ubansa ba, kuma duk ƙungiyar ba mai yi. Ƙarfen yana hannunka. In ka ga ya dawo, ka dawo da shi. In ka ga ya zauna, ba mai zagin ka a gabana."

Ya ɗora min kayan ya koma ga lazuminsa.

A satin nan wani uzuri ya kai ni ɓangaren Bunkure, na ce wa mai babur ya bi ta kwalejinsu. Filin da muka sha kashi a kai, muka ba da kashi a kai, an yi masa kunya-kunya an shuka masara. Ƙarafan raga biyu suna tsaye a tsakiya, ba a ma cire su ba. Na daɗe ina kallo har mai babur ya yi min hon. Ashe ko kamfanin ya janye gobe, ba wanda zai zo mana.

Ciyawar nan ni na dasa fiye da rabinta, tsiro-tsiro, da hannuna. Na san inda take riƙe ruwa, na san inda tururuwa ke damun ta. 'Ya'yana ma ban san jikinsu haka ba.

Laraba ta zo. Na yi sallar asuba, na jira rana ta fito, na ɗauki ƙarfen. Na wuce ƙofar filin ban tsaya ba. Na kai wa Alhaji, na ajiye masa a bakin tabarma. Ya ɗora hannu a kai. Daga nan na bi gaɓar kanal a ƙafa, ina tafiya tare da ruwan. A hankali yake tafiya, sai wajen hantsi ya isa ƙarshe.

Abokina yana tsaye a bakin gonarsa. Ya kalli ruwan, ya kalle ni. Bai gode min ba, ni ma ban so ya gode ba. Fartanya ya miƙo min.

"Tunda ka zo, buɗe min wancan fangalin albasar, ruwa ya shiga."

Sati uku ciyawar ta yi ta mutu. Daga tsakiya ta fara. Shugaban kwalejin bai kore ni ba, ya mayar da ni gadin ƙofa, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ta gajarta. Daga inda nake zama ina hango filin, jar ƙasa tas. Yaran suna atisaye a kai haka nan, suna gurje gwiwa, wasunsu ba sa gaishe ni. Ban ga laifinsu ba. Mutanen kyamara har yau ba su zo ba.

Bara abokina ya ja ni gidan kallo a Kura wata Asabar da la'asar, ana nuna yaranmu da wata kwalejin birni. Shi dai kamar kullum, ɗaya ɓangaren ya ɗauka. Ni ban bi ƙwallon ba, ƙasa nake kallo. Ciyawa koriya shar daga raga zuwa raga, ba tabo ko ɗaya, ko gaban gola bai cinye ba. Na tambaye shi wace rana suke ba ta ruwa.

"Ta roba ce, Sarkin ciyawa," ya ce, idonsa na kan allo. "Ba ta shan ruwa."