Makon da Na Ci Kanti a Takarda

Lokacin da nake aji bakwai na firamare, aka kawo mana sabon malamin Turanci wanda ya dawo daga kwas a Ingila. Dogo ne siriri kamar karan dawa, da wando mai faɗin ƙafa wanda in ya zaga filin makaranta sau biyu ba sai an yi shara ba. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malami a Wudil ya sayi babur. Kantunan bakin titi suka cika da kayan gwangwani da biskit da lemon kwalba. 'Ya'yan ma'aikata suna zuwa aji suna ƙanshin bota, mu muna ƙanshin daddawa.

Wata Litinin Malam ya ba mu aiki: kowa ya rubuta da Turanci duk abin da ya ci na mako guda.

Na buɗe littafi na fara lissafi. Safe koko da ƙosai, rana dambu da zogale, dare tuwo miyar kuka. Kashegari ma haka. Matsalata biyu. Ta farko, ban san sunan kuka da Turanci ba, ban ma zaci Bature ya taɓa gamuwa da ita ba balle ya raɗa mata suna. Ta biyu, na leƙa littafin abokin zamana, ɗan malamin gona, na ga burodi da bota tun a layin farko. Haba! Ni kuma in rubuta kuka sau bakwai?

Sai dabara ta zo mini: kayan kanti ai da Turancinsu a rubuce a jikinsu. Na tafi kantin da ke kusa da tasha na tsaya ina kwafa.

Mai kanti ya ce, "Kai yaro, saya za ka yi ko kallo?"

"Karatu nake yi, Baba."

"To matsa daga wajen alawa ka yi karatun."

A takarda na ci daɗin da ban taɓa ci ba. Litinin biskit da lemon kwalba. Talata cakulan. Laraba kek, safe da rana da dare. Ranar Juma'a, saboda girman ranar, na sha alawa kala uku na kora da madarar gwangwani mai zaƙi.

Da muka kai aikin, Malam ya ja layi ya raba allo biyu. A dama ya rubuta "balans dayet", ya ce shi ne abinci mai gina jiki, mai furotin da bitamin. A hagu ya rubuta "jonk fud", wato tarkacen abinci, mai cika baki da zaƙi ya bar jiki fanko. Muka yi ta maimaitawa har awakin bayan aji suka haddace. Daga nan ya shiga ɗaukar littattafai yana zuba abincin kowa inda ya dace. Wata yarinya 'yar ƙauyen Achika ta rubuta wake da nono da kifi, duk suka tafi dama, aka tafa mata. Da aka zo kaina, ni kaɗai na cika hagu, alli ya sauka daga allo ya hau bango.

Aji ya fashe da dariya, ban da Malam. Ya kira ni ya duba haƙorana, ya ja fatar idona ƙasa, ya girgiza kai.

"Yau zan zo in ga mahaifinka."

Bayan la'asar na ji babur a ƙofar gida. Babana mai sayar da hatsi ne a kasuwar Juma'a, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa cewa ya tauye mudu ba, ba a taɓa kama ɗansa da kayan wani ba. Ya shimfiɗa wa Malam tabarma a soro, suka shiga gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi damina, ni ina rakuɓe ina addu'ar Allah ya sa su kai magariba a haka. Ba su kai ba.

Malam ya ce, "Alhaji, lafiyar yaron nan ce ta kawo ni. In ya ci gaba da wannan cimar, haƙoransa ba za su ga sakandare ba." Ya karanto makona kaf, yana fassarawa.

Baba ya juyo a hankali.

"Tun da aka gina gidan nan, cakulan bai taɓa tsallake soron nan ba. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko kana ɗauka a kantin mutane, ko ka yi wa malaminka ƙarya. Wanne ne?"

Na auna su. Maƙaryaci zai sha kunya a gaban Malam da aji. Ɓarawo kuwa, Baba ba zai ƙara ɗaga kai a kasuwa ba.

"Ƙarya ce, Baba. Kwafa na yi a jikin kaya. Ko takardar alawa ban lasa ba."

Baba ya sauke numfashi kamar an ɗauke masa buhun gero daga ka. Na zaci magana ta ƙare. Ashe kakata, wadda ke kirana maigidanta, tana bayan ƙofa tana ji. Ta shigo da akushin dambu ta dire gaban Malam.

"Malam, ga abin da yake ci, har ya suɗe akushi ya nemi ƙari. Maigida, ashe girkinmu kake ci kana yi wa gwangwani godiya?"

Malam ya sa hannu don kunya, sai kunyar ta gudu. Yana ci yana nuni: zogale bitamin, ƙuli furotin, gaba ɗaya balans dayet. Kaka ta ce ita dai dambu ta san ta yi. Kafin ya tafi ya rubuta mini Turancin kuka da zogale a bayan littafi.

Kaka ce ta yanke hukunci: abin da alƙalami ya ci, ciki ya biya. Kashegari Baba ya sayo mini fakitin biskit da kwalbar lemo, ya ce abincina ke nan na yini, yadda na rubuta wa Litinin.

Da safe na ci ina taƙama, ina karkaɗe garin biskit a gaban ɗan malamin gona. Da azahar cikina ya fara ƙara kamar babur ɗin Malam a kan gada. Da magariba ƙanshin miyar kuka da man shanu ya taso, na ga gidanmu yana juyawa. Na rarrafa wajen Kaka na durƙusa.

"Me maigida ke so? A kawo kek?"

"Tuwo, don girman Allah."

"Roƙa da Turanci, tunda da shi kake cin abinci."

Na ɗauko littafi na karanto mata: "Bawobab lif sup."

Ta ce sunan ya yi kama da kukan kwaɗo, amma ta zuba mini malmala biyu. Na sake aikin Malam da hannu mai maiƙo, kuka sau bakwai, ban rage ko ɗaya ba.